Tanti Mai Sa Yara Kuka

A garinmu Wida, in ka ce kana neman Madam Zinhuwe, tsohuwar malamar firamare, sai a tsaya ana kallon juna. In kuwa ka ce Tanti mai sa yara kuka kake nema, ko ɗan acaɓan da ya zo garin jiya zai kai ka har ƙofa. Iyayen yara ne suka laƙaba mata sunan don su ƙona mata rai, ita kuwa ta karɓe abinta hannu biyu. In an kira ta da shi a kasuwa sai ta waiwayo ta ce, "Ga ni, ɗan wa ke bukata?"

Gajeriya ce, siririya, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zaren ɗinki, yatsunta ba su rabuwa da fenti. A ƙugunta, inda ta soke zani, akwai wani ɗan kai na sassaƙe da ke leƙowa, wanka da shafa sun cinye masa hanci da baki har ya yi sumul. Wannan shi ne Zinsu, abokin tagwaitakarta. Tare suke zuwa coci, tare suke zuwa karɓar fansho, in ta sayi ƙosai kuma sai ta gutsura masa nasa kafin ta kai baki.

Don a wajenmu ɗan tagwaye ba ya mutuwa. Ba a haɗa wannan kalma da sunansa, ko da a coci kake kwana. Sai dai a ce ya tafi kurmi neman itace. A gidaje irin nasu Zinhuwe ba a zaman makoki, ba a kuka, don an ce in ya ji ana kukansa, ko ya ji an kira tafiyarsa da wancan sunan, sai ya yi fushi ya dawo ya ja ɗan'uwansa su tafi tare. Sai a sassaƙa masa ɗan mutum-mutumi, a yi masa wanka, a ɗinka masa riga, a zuba masa nasa wake da manja, a ci gaba da zama kamar ba a yi komai ba.

Zinhuwe ba ta wuce shekara biyar ba lokacin da baƙon dauro ya ratsa unguwarsu. Su biyu suka kwanta, ita kaɗai ta tashi. Manya suka rasa wanda zai tunkare ta, sai suka tura yayarta Ablawa, wadda ita ma a lokacin ba ta gama zama budurwa ba. Ablawa ta durƙusa gabanta ta ce, "Zinsu ya tafi kurmi neman itace."

Yarinya ta ce, "Yaushe zai dawo?"

"In ya gama."

Shi ke nan, Zinhuwe ta koma gindin mangwaron ƙofar gida. Kullum da yamma tana can kan saiwa, da rabin ƙosanta a hannu, duk wanda ya ɓullo da dami a ka sai ta miƙe. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata gaskiya. Sanin ya shige ta ne kaɗan-kaɗan, ba ta iya cewa ga ranar. Sa'ad da ta tabbata kuwa, ta riga ta yi girman da kuka zai zama abin dariya, don wa ke kukan abin da ya wuce shekara da shekaru? Sai ta haɗiye, ya zauna mata a ƙirji.

Da ta zama malama sai abin ya sami hanyar fita. Ta fara zana wa 'yan ajinta littattafai da hannunta. Na farko shi ne labarin akuyar wani masunci, wadda ke raka ubangidanta bakin teku kowace safiya ta jira shi ya dawo. Wata rana igiyar ruwa ta kife kwale-kwalen, masunci ya mutu, littafin kuma ya faɗa ƙarara bai yi kwana-kwana ba. Akuya ta yi ta jira, har wata tsohuwa mai suyar kifi ta zo ta zauna kusa da ita ta gaya mata. Suka kalli teku tare, sannan suka tashi suka tafi gida. Iyakar labarin ke nan.

Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da ake so kowane labarin yara ya ƙare da masara ta yi kyau kowa na tafi. Wani sufeto ya faɗo ajinta ya tarar yara sun yi jugum, wasu na jan majina. Ya ce, "Kwamared, nan makaranta ce ko gidan makoki?" Ta ce ya tambayi yaran ko ta daina. Yara suka ce a sake daga farko. Wannan sakewar ce ta ja mata aka tura ta wani ƙauye can arewa, ta yi shekaru tana cin doya tana kewar kifi.

Daga baya wani mai buga littattafai a Kwatano ya kira ta ya ce, "Madam, hotunan sun yi kyau. Amma ki dawo mana da masuncin nan mana. Ki ce ya kama katako, ko wani kifi ya goyo shi. Iyaye ke sayen littafi, ba yara ba."

Ta ce, "Ni na kashe shi da zan dawo da shi? Je ka tambayi teku." Ta tattara takardunta ta hau mota.

A ganinta ba a koya wa yaro baƙin ciki, da abinsa yake zuwa duniya, wurin saukewa ne kawai ba shi da shi. Ni dai na zauna a tabarmarta ina yaro, na yi kukan akuyar nan har na ƙoshi, ban kuma ga abin da ya rage ni da shi ba. Bayan ta yi ritaya ta share ɗakin gaba na gidan gadonsu, ta shimfiɗa tabarmi, duk ranar Laraba da rana, da yake ba makaranta, yara su cika shi har ƙofa. Ba ta taɓa kiran yaro ta ce matso ba. Dabararta ɗaya ce: ta ɗora littafi a cinya, ta yi ƙasa da murya, hotunan kuma ƙanana take zana su. Duk rashin jin yaro, sai ka ga yana jan gindi yana matsowa har kansa ya taɓa gwiwarta.

Sai dai akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba. Ta yi littafin akuya, ta yi na ƙaguwar da ruwa ya cinye wa rami, ta yi na yarinyar da uwarta ta tafi aiki Gabon, amma ba ta taɓa zana tagwaye ba. Matar da ta tsaya wa sufeto ido cikin ido, nan wurin ba ta taɓa yarda ta taka ba.

To, a gidan nan nasu akwai ɗan ƙanensu, direban tirela ne, rabin rayuwarsa a hanyar arewa take. Matarsa Sika ta haifa masa tagwaye maza. Tagwaye kuwa da sunansu suke zuwa, ba a zaɓa musu: Zinsu da Sagbo. Ranar da Tanti ta ji an sake kiran Zinsu a tsakar gidan sai da ta dafa bango. Yaran suka tashi a tabarmarta. Sagbo mai rawar kai ne, Zinsu kuwa sanyi gare shi, komai nasa a hankali, ko takalmi zai sa sai ɗan'uwansa ya gaji da jira ya durƙusa ya sa masa.

Suna shekara shida, da faɗuwar ruwan farko, zazzaɓi ya kama Zinsu. Aka kai shi asibiti, aka tura Sagbo wurin dangin uwarsa. Da aka dawo da Sagbo sai ya tarar da sabon ɗan sassaƙe a ƙugun uwarsa, sanye da riga irin tasa. Ablawa, wadda yanzu ita ce Tasi, babbar gwaggon gida mai riƙe da al'adun kakanni, ta kira shi ta gaya masa abin da ta gaya wa ƙanwarta tun ƙasar tana Dahome. Ko kalma ba ta canza ba. Tanti tana tsaye a bakin ƙofarta ta ji yaron ya ce, "Yaushe zai dawo?" Ba ta jira amsar ba, ta shige ɗaki.

Sagbo bai yi kuka ba, bai sake tambaya ba. Mutanen gida suka ce ka ga yaro mai hankali. Amma Tanti ta ga yana raba abincinsa biyu, ba ɗan gutsuren da ake ba sassaƙe ba, rabi cif, ya rufe da kwano ya tura ƙarƙashin gado. Da rabin ya yi ta lalacewa sai ya fara barin fiye da rabi, wai Zinsu zai dawo da yunwa. Wuyansa ya zuge, wandonsa ya fara zamewa. Ranar Laraba yana zuwa, amma a bakin ƙofa yake zama, fuskarsa na kallon titi.

Wata safiya ta zagaya bayan akurkin kaji neman kwali, sai ta yi tuntuɓe da tarin ƙirare, an jera su tsaf, an ɗaure wasu da tsumma. Sagbo na tsugune a gefe yana karya wani reshe da gwiwa.

"Kai, ɗan gidan nan, sana'a ka fara ba ka gaya mini ba?"

"Na Zinsu ne," in ji shi. "Kin san ba shi da sauri. Taya shi nake yi." Ya ɗago ya dube ta. "Tanti, dami nawa aka ce ya kawo?"

Matar da ba a taɓa ƙure ta da magana ba, ranar sai ta ce masa bari ta tambayo, ta juya.

Ta tarar da Ablawa, wadda take kira Dada, a inuwa tana tsince wake a tire.

"Dada, yaron nan itace yake tarawa."

Ablawa ba ta ɗago ba. "To ya tara. Ɗa mai taimako ke nan."

"Zinsu yake tayawa. Kin ga wuyansa kuwa? Kamar na figaggen zakara."

"Zai warware. Ke ba ki warware ba? Ga ki nan har da fansho."

"Ni ce na warware? Dada, dube ni da kyau."

Sai a nan Ablawa ta ajiye tiren. "Na dube ki. Tun kina tsumma nake dubanki. Kina raye, kina cin tuwo, kina yi wa mutane rashin kunya. Kin san dalili? Don mun riƙe bakinmu. Kin manta matar nan ta bayan kasuwa da ta fita titi tana kururuwar ɗan tagwayenta? An rufa wata na biyun bai bi ba?"

"Gudawa ce ta kashe shi, Dada, gari duka ya sani."

"Oho, likita! To ji nan. Je ki sa 'ya'yan mutane kuka da akuyarki, ba wanda ya hana ki. Wannan jinin gidan nan ne. In kin buɗe bakin nan naki wani abu ya same shi, ba ni za ki amsa wa ba. Uwarsa za ki kalla."

Ashe Sika tana madafa, ta ji komai. Da yamma ta shigo ɗakin karatu, ta durƙusa a tabarma ta kama ƙafafun Tanti. Yarinya ce mai fara'a a da, yanzu idanunta sun bushe sun yi ja, irin na wadda ta daɗe tana riƙe abin da ke neman fita.

"Tashi, Maman 'yan biyu, mene ne haka?"

"Tanti, na roƙe ki. Na san kin fi ni sani. Amma ɗaya ya rage mini. In abin da ake faɗa gaskiya ne fa?"

Wannan tambayar ce ta karya ta. Don kada ku ɗauka Tanti ta fi ƙarfin tsoron nan. Mace ce da ta yi shekara kusan sittin tana yi wa sassaƙe wanka, ba ta taɓa tsallake rana ba, ko a zuciyarta kuma ba ta taɓa yarda ta haɗa sunan Zinsunta da waccan kalma ba. In ta yi shiru, tana gani yaron na narkewa a gabanta. In ta yi magana ya kwanta, ko da murar damina ce, ita ta kashe shi, a idon uwarsa da ma nata idon. Ta ce wa Sika, "Tashi, na ji." Ba ta ce ta yarda ba.

Ta yanka kwalin sukari ta fara zane. Ta gaya wa kanta hannu kawai take motsawa, ba wanda za ta nuna wa. Ta zana mangwaro da wata yarinya a kan saiwa, ta sake zana mangwaron, ta sake. Ta ɗinke shafukan da zare, sai na ƙarshe ya gagare ta. Ta ciro Zinsu daga ƙugu ta tsayar da shi a kan tebur ta ce, "Kai ma ka yi mini shiru? Kai fa aka zana wa." Ta jefa littafin a jakarta, ta yi ta yawo da shi har coci, ba ta ciro ba.

Laraba ta zagayo. Tana tsakiyar karatu Sagbo ya yi magana daga bakin ƙofa, ba tare da ya juyo ba. "Tanti, wane kurmi ne ya fi itace?" Ta yi kamar ba ta ji ba. Sai wata yarinya mai kaifin baki ta ce, "Na bakin tafki mana, inda masu dafa gishiri ke sara." Tanti ta daka mata harara, amma magana ta riga ta fita.

Kwana biyu aka yi ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da ya ɗan tsagaita, wajen tsakar rana, Sika ta zuba abinci ta kira Sagbo, shiru. Aka duba ɗaki, aka duba maƙwabta. Nan da nan gida ya rikice, wasu suka nufi kasuwa, wasu tasha, Ablawa na tsaye da sandarta tana ba da umarni. Tanti ba ta tambayi kowa ba, ta zagaya bayan akurki. Damin da aka ɗaure da tsumma ba ya nan.

Ta suri jaka ta ce, "Maman 'yan biyu, tari babur ki biyo ni hanyar tafki." Ta tsayar da ɗan acaɓa ta haye.

"Tanti, ina za ki cikin wannan caɓi? Ƙaguwa za ki sa kuka yau?"

"Ja mu je, ɗan nema, ba hira na hau ba."

Inda hanya ta ƙare babur ya kafe. Ta sauka ta tuɓe takalmi ta shiga laka. Bukkokin masu gishiri duk a rufe, damina ta kore su, sai wata mata guda da ke kwashe tukwane. Ta ce i, ta ga wani yaro da dami a ka ya bi ta can, ta ɗauka aiko shi aka yi. Ta ƙara da cewa ruwa na hauhawa tun safe, ita ma gudu take.

Muryarsa ta fara ji kafin ta gan shi. "Zinsu! Zinsu, na kawo! Fito mu tafi!"

Yana tsaye a wani ɗan tudu a bakin itatuwan nan masu saiwa a waje, damin na kansa, ya ƙara masa ɗanyun rassa har ya rinjaye shi. Tsakaninsu akwai wata 'yar mashiga da ruwa ke bi, ta ga alamar ya ratsa ta ne lokacin tana iya gwiwa. Yanzu ta kusa ƙugunsa, tudun kuma sai raguwa yake. A bayansa ba komai sai duhun itatuwa da baƙar laka mai haɗiye ƙafa.

"Sagbo! Zo nan!"

Ya juyo ya gan ta, sai ya ja da baya. "Ba zan zo ba. Yana ciki. In kin matso shiga zan yi."

Ta sa ƙafa ɗaya a ruwa, ya ƙara ja da baya, diddigensa ya nutse. Ta tsaya cak. Ta san ba ta da saurin da za ta cim masa. Ta kuma san ko an sami ƙato ya cafko shi yau, gobe zai dawo, in an ɗaure shi gobe zai dawo jibi, muddin yana jin ɗan'uwansa na cikin nan yana fama da dami.

Sai ta zauna daɓas a cikin laka, ta buɗe jaka, ta ɗora littafin a cinya. Ta yi ƙasa da murya kamar ranar Laraba.

"Akwai wata yarinya da ɗan'uwanta ya tafi kurmi neman itace."

Ba ta ɗago ba. Ta ji ya daina kira.

"Kullum da yamma sai ta zauna gindin mangwaro, da rabin ƙosanta a hannu. Ga ta nan, ga ƙosan."

"Ban gani ba," in ji shi daga can.

Ta yi biris, ta buɗe shafi na biyu. "Mangwaro ya yi 'ya'ya, ya zubar. Ga ta an ɗinka mata rigar makaranta. Tana nan zaune."

Sai ta ji motsin ruwa. Ta hana idonta barin takardar, don ta san in ta kalle shi zai tsaya. A daidai nan ta ji numfashin mutum a bayanta. Sika ce, ta iso ba ɗankwali, laka har cinya. Ta ga ɗanta a tsakiyar ruwa, ruwan na cin ƙirjinsa, hannunsa biyu na riƙe da dami. Ta kuma ji abin da ake karantawa.

"Tanti," ta ce da raɗa, "don Allah..."

"Ga ta ta yi tsawo," in ji Tanti. "Ga ta da alli a hannu. Mangwaron ya yi kauri. Tana nan zaune."

Inuwa ta faɗo kan shafin, ruwa na ɗiga daga dami. Jiƙaƙƙen kansa ya taɓa gwiwarta. Sika ta yi wuf ta damƙe bayan rigarsa, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba, idonsa na kan hoto. Tanti ta buɗe na gaba. Yarinyar ta sa tabarau. A na gaba kanta ya yi fari fat, ƙafar tabarau ɗaure da zare, rabin ƙosai na hannunta.

Sagbo ya dubi hoton, ya ɗago ya dubi kan Tanti. Ya sa hannu da kansa ya buɗe shafin ƙarshe. Ba komai sai kwali.

"Ina sauran?"

"Ban zana ba."

"Ya dawo?"

Ta ji hannun Sika ya sauka a kafaɗarta, farce na shiga nama. Ba ta san ko roƙo ne ko jingina ba. Ta ciro Zinsunta daga ƙugu ta riƙe shi a tafin hannu, tana jin tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya.

"Bai dawo ba, Sagbo. Ba itace ne ya riƙe shi ba. Ko na duniya duka na tara masa ba zai dawo ba." Ta nuna masa sassaƙen. "Nawa Zinsun ya mutu."

Ba abin da ya faɗo daga sama. Ruwa ya ci gaba da wucewa. Ita ce dai ta ji wani abu ya ɓalle mata a ƙirji, hawaye suka cika tabarau har ta daina ganin yaron.

Ta ji ya ce a hankali, "Kamar mai akuya."

"Kamar mai akuya."

Ya juya wurin uwarsa. "Mama, namu ma?"

Sika ta dubi ruwan da ya riga ya shafe tudun da ɗanta ke tsaye a kai ɗazu. Sai ta durƙusa a laka ta gyaɗa masa kai. Yaron ya saki wata irin ƙara, ya faɗa jikinta, ita ma ta saki tata. Tanti ta zauna tana riƙe da su biyun, ba ta ce wa kowa yi shiru ba.

Da za su tafi ya ƙi barin damin. Haka aka ɗaura shi a bayan babur.

Ablawa na bakin ƙofa. Kallo ɗaya ta yi wa fuskokinsu ta gane.

"Kin faɗa."

"Na faɗa, Dada."

"In wani abu ya same shi..."

"Na sani."

Sagbo ya ratsa tsakaninsu da daminsa, ya kai shi gaban murhu ya sauke. Muryarsa ta dushe. Ya ce, "A dafa wa Zinsu wake da shi. Nasa ne."

Ba wanda ya motsa, kowa na jiran Tasi. Ta daɗe tana duban yaron. Can ta jingine sandarta, ta ja kujera 'yar tsugune gaban murhu, ta ce a miƙo mata ashana.

Itacen ɗanye ne, ga shi jiƙe. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, fari, mai yaji. Ablawa ta sunkuya tana hurawa, hawaye na bin kumatunta suna ɗiga a haɓa, tana ta zagin itacen. "Wannan wane irin itacen banza ne? Ku dubi yadda ya cika wa mutane ido." Matan gida suka matso ɗaya bayan ɗaya, wai taya ta fifita za su yi, kowace na share fuska tana tsine wa hayaƙi. Ba wadda ta koma inda iska ke kaɗawa. Tanti ta zauna kusa da yayarta. Ablawa ba ta dube ta ba, cikin wutar take kallo sa'ad da ta ce, "Naki sauri gare shi. Kullum shi ke riga ki zuwa ƙofa. Ni nake goya shi."

Ba zan ce muku tsoro ya bar gidan a ranar ba. Har damina ta wuce matan nan uku ba su daina taɓa goshin Sagbo ba, in ya yi atishawa sai Tanti ta ruga ta duba shi, Ablawa kuma ta yi watanni ba ta amsa mata gaisuwa da baki sai da ka. Amma a yammacin nan waken ya nuna da ƙyar, yana warin hayaƙi. Sika ta zuba manja ta miƙa wa ɗanta. Ya ɗebi kaɗan a yatsa ya shafa a bakin sabon sassaƙen, ya juya ya shafa wa tsohon na Tanti. Sannan ya ci. Gida ya yi tsit ana kallon hannunsa. Ya kai rabi, inda ya saba tsayawa, ya ɗan dakata, ya dubi ƙofa. Sai ya ci gaba, har ya suɗe kwanon.

Ya miƙa wa Ablawa shi ya ce, "Tasi, ƙari."